Na gwada manhajar nan mai tona asirin lambobi

Sati biyu kenan ina amfani da wata manhaja a waya wadda za ka rubuta mata lamba komai girmanta ta zazzago maka duk halayenta, cika ce ko mara, waɗanne lambobi ne ke raba ta ba saura, firayim ce ko a'a, wato irin wadda ba ta rabuwa sai da 1 da ita kanta. Ni ba wani gwanin lissafi ba ne fa, son sani ne kawai ya ja ni.

Da gangan na fara da 4,294,967,297 don in ga ko za ta faɗa tarko, saboda wannan lambar ita ce ta yaudari Fermat, wani masanin lissafi na da. 2 ce aka ninka da kanta har sau 32 sannan aka ƙara 1, shi ya ɗauka duk 'yan gidansu, wato waɗanda ake samu in an ninka 2 sau 1, 2, 4, 8, 16, 32 da sauransu a ƙara 1, firayim ne tunda 3 da 5 da 17 da 257 da 65,537 duk haka suke, sai a 1732 wani masanin lissafin mai suna Euler ya nuna ashe 641 na raba ta tas. Ko ƙiftawa ban yi ba manhajar ta fito min da 641 sau 6,700,417, wallahi sai da na yi dariya, abin da mutum ya zauna ya haƙo da alƙalami da takarda. Ta ƙara da cewa masu raba ta huɗu ne kacal, ta kuma rubuta min ita a bainari, wato rubutun lamba da 0 da 1 kaɗai, 1 a farko 1 a ƙarshe sifili 31 a tsakiya, nan ne ma na fahimci siffar lambar da idona.

Sai na sa 33,550,336 ta ce kammalalliya ce, in ka tara duk masu raba ta ban da ita kanta sai ka dawo kanta daidai, kamar yadda 1 da 2 da 3 ke ba da 6. Ita ce ta biyar bayan 6, 28, 496 da 8,128. Wannan bayanin ni na nemo shi da kaina a wani wuri, kuma nan ne matsalata da ita take, tana jero laƙabi rututu, wannan mai gibi ce waccan mai rara ce, amma ko layi ɗaya na bayani babu, ɗan makaranta zai kwafa ne kawai bai san me ya kwafa ba. Tallace-tallace ma sun yi yawa gaskiya.

Da na ƙure ta da lamba mai tsawon gurbi 60 kuwa sai ta yi ta juyi har wayar ta ɗau zafi na kashe. Ban ga laifinta sosai ba a nan, gane cewa lamba firayim ce ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan farfasa ta, wato gano lambobin da ke raba ta. Tauraro huɗu na ba ta, na biyar ɗin sai ranar da suka sa bayani.