Ambaz ɗin gyaɗa, na riɗi ko na bizra, wanne zaka zuba wa ragunan?

Wa alaikumus salam ɗan uwa na Mai Wurno. Naga tambayarka tun jiya da daddare, sai yanzu na samu zama. Kace ka ɗaure raguna 20 kanaso su ƙoshi cikin wata uku, kanada gasab wato karan dawa a tare, kanada radda wato dusar alkama da dawar feterita, ambaz wato tunkuzar da take saura bayan an matse mai shine kawai ya rage, kuma a kasuwa an nuna maka kala uku, na gyaɗa da na riɗi da na bizra wato anguriyar auduga, na bizran yafi araha shiyasa zuciyarka ta karkata can. Toh kafin ka zaro kuɗi ka ɗan tsaya mu auna su, dan ni nan Gadarif ta Sudan na daɗe ina wannan sana'ar kuma duka ukun babu wanda ban zuba a kwami ba.

Abu na farko, ai ba buhu kake saye ba, furotin kake saye, wato sinadarin dake gina tsoka. Feterita tana baka ƙarfi da kitse amma furotin ɗinta kashi 11 zuwa 13 ne cikin 100, radda kamar 15 zuwa 17, gasab kuwa in ya bushe da ƙyar yake kai 4, cika tumbi ne kawai da abin tuƙa. Rago mai girma da ake so yayi nama yana buƙatar abincinsa gaba ɗaya ya kai kamar kashi 13 zuwa 15. Kaga da waɗannan ukun kaɗai bazaka kai ba, giɓin nan shi ambaz yake cikewa, aikinsa kenan.

Na gyaɗa shine babba a furotin. In an ɓare gyaɗar kafin a matse, yana zama tsakanin kashi 40 zuwa 48, kuma dabba na sonsa, baka fama da ita kafin taci. Na riɗi yana bin bayansa kusa kusa, 35 zuwa 45, ya danganta da yadda aka matse shi. Na bizra irin wanda muke samu a kasuwa, wanda aka matse da ɓawonsa da ragowar audugar a jiki, 22 zuwa 28 ne kawai, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasa ɓawo ne da zare. Yani buhu ɗaya na gyaɗa yana ɗauke da furotin ɗin buhu ɗaya da rabi har da ɗoriya na bizra.

Ga lissafin da nake yi a tsaye gaban mai shago. Na ɗauki gyaɗa a 43, riɗi a 40, bizra a 25. Idan kilon na gyaɗa 100 ne, to na riɗi bai kamata ya wuce 93 ba, na bizra kuma bai kamata ya wuce 58 ba. In mai bizra yace maka 70 kana murna ka samu sauƙin 30, wallahi kai aka ci, dan furotin ɗin ya fito maka da tsada fiye da na gyaɗa, ga kuɗin mota ya ƙaru tunda buhunan da zaka ɗauko sun fi yawa. Tun da yaƙin nan ya fara a Afrilun 2023 farashi baya kwana biyu a waje ɗaya, shiyasa ka riƙe wannan ma'aunin, ko jine nawa na kuɗin Sudan suka faɗa ka ɗora a kai. Kuma ka tambayi nauyin buhun, dan ba duk shawwal wato buhu bane nauyinsu ɗaya, wani ma da guntar yake sayarwa, shi kuma kilo 45 ne.

Amma furotin ba shine ƙarshen zance ba, kowannensu akwai halinsa.

Matsalar na gyaɗa fumfuna ce. Gyaɗa in ta sha danshi a gona ko a sito wata fumfuna tana kama ta tana zuba guba da ake cewa afalatoksin, kuma gubar bata mutuwa da matsa ko da shanya a rana. A Ingila aka fara gano ta a 1960, bayan talotalo sama da 100,000 sun mutu, da aka bi diddigi sai aka tarar garin gyaɗar da aka kawo daga Barazil ne. Hanta take ci. Babban rago ya fi kaza jurewa, ba lallai ya faɗi ba, amma zaka ga yana ci baya ƙaruwa, gashi ya tashi, kai kuma kana ta zargin tsutsar ciki kana ɗura magani. In saniyar tatsa ce ko akuya abin yafi muni dan gubar tana fita a nono, yaranka ne zasu sha. Saboda haka ka karya ambaz ɗin ka duba cikinsa, kar ka tsaya a bayan, in kaga kore kore ko baƙi baƙi ko kaji warin rumbun da ruwa ya shiga, ko kyauta aka baka ka barshi. Wanda ya kwana damina a sito ƙasa ba katako ni bana taɓa shi ko yayi kyau a ido. Sai kuma algus, akwai masu niƙa ɓawon gyaɗa su haɗa, wanda aka matse da ɓawo furotin ɗinsa yana saukowa wajen 30 amma kuɗin mai kyau zasu karɓa. Ka jiƙa ɗan guntu a kofin gilas ka motsa, ɓawo zai taso sama yashi zai kwanta ƙasa. Ni an taɓa yi min haka, buhu shida na ɗauko wajen wani ɗan kasuwa dan naga sauƙi, sai da na jiƙa a gida naga abinda na saya.

Na riɗi kuwa mu nan Gadarif gidansa ne, daga an yanke riɗi wajen Oktoba da Nuwamba assara wato wurin matsar mai ta fara aiki zaka same shi sabo yana ƙamshi. Abu biyu yake dasu da na gyaɗa bashi dasu. Na ɗaya kalsiyam wato sinadarin dake gina ƙashi, wajen kashi 2 cikin 100, alhali na gyaɗa ko rabin kashi ɗaya bai kai ba, duk da dai wani ɓangare na kalsiyam ɗin riɗin a ɗaure yake cikin ɓawo jikin dabba baya iya ɗaukarsa duka. Na biyu wani ɗan sinadari cikin furotin da ake kira mesiyonin, riɗi yanada shi sosai gyaɗa kuma tana da ƙarancinsa, wannan yafi damun masu kaji amma ko a tumaki yana taimakon gashi da fata. Shiyasa in an haɗa su biyun sukan rufa wa juna asiri. Inda suka yi tarayya a rauni shine laisin, shima sinadari ne cikin furotin, duka biyun basu da shi da yawa, nan ma mai kaza ne zai damu, rago ƙwayoyin tumbinsa suna gyara masa wani abu.

Sai dai riɗin akwai mai. Wanda ya fito daga assarar gargajiya irin ta raƙumi mai ya rage a ciki sosai, zaka matsa da yatsa kaga maiƙo, na injin fabrika yafi bushewa. Man nan ƙarfi ne, yana sa rago sheƙi, amma da zafin ƙasar nan baya jimawa yake juyawa yayi warin tsohon mai da ɗaci, dabba ta sunsuna ta kau da kai. Kuma in mai yayi yawa a abinci, ya wuce kamar kashi 6 ko 7 na duk abinda dabbar ke ci, yana hana tumbi narkar da kara, sai kaga zawo da rashin cin gasab. Dan haka riɗi ba abin tarawa na wata uku bane, ka saya kaɗan kaɗan, na sati biyu ko uku.

Na bizra bance mugu bane, masu shanu a Jazira da Halfa Jadida da Rahad inda ake noman audugar sun daɗe suna ba shanun tatsa da bijiman turka, kuma zaren dake ciki yana sa nono yayi maiƙo. Ga babba mai tuƙa lafiya lau. Amma akwai gosifol a cikinsa, gubar da ita audugar ke kare kanta da ita. Tumbin babban rago yana ɗaure ta, ɗan tunkiyar da bai fara tuƙa sosai ba bashi da wannan kariyar, tana taɓa masa zuciya. Kaza kuma tana ɓata mata gwaiduwar ƙwai. In kuma a cikin ragunan akwai wanda zaka bari na barbara kar ka ɗora shi akan bizra da yawa dan tana rage ƙarfin maniyyi. Ga mai gasab irinka akwai wani abin, kai ba zare ka rasa ba, gasab ɗinka duk zare ne, in ka ƙara bizra ka ƙara cika tumbin da abinda ka riga kake dashi, wurin da feterita zata shiga ya ragu.

Yanzu bari in zo kan abinda yafi tsorata ni a tambayarka, ba ambaz ɗin bane, raddar ce. Radda tanada sinadarin fosforas wajen kashi 1 cikin 100 ko sama, kalsiyam ɗinta kuwa ɗan mitsitsi ne kamar kashi ɗaya cikin goma na wancan, hatsi ma haka yake. Rago yana son kalsiyam ya ninka fosforas sau biyu. In abin ya juye, tsakuwa tana taruwa a mafitsara ta toshe hanyar fitsari, kuma namiji take kamawa dan hanyarsa doguwa ce siririya. Zaka ganshi yana miƙewa yana nishi yana harbin ciki, fitsari na ɗiga kaɗan kaɗan ko babu. Na rasa wani rago irin Ashgar a haka saura kwana kaɗan in kai shi kasuwa, shine mafi kyau a zaribar wato garken, kuma laifina ne dan radda nake zuba musu ba awo ban sa komai na kalsiyam ba. Har yau in na tuna sai naji ba daɗi. In ka haɗa radda da ambaz ɗin gyaɗa da feterita duka ukun babu mai kalsiyam a ciki, bizra ma haka, riɗi ne kaɗai yake ɗan taimakawa a nan, shima bazai ɗauke maka sa garin hajar jiri ba, wato farin dutsen nan da ake niƙawa dan abincin dabbobi, ba jir ɗin shafen bango ba dan Allah.

Toh in nine kai ga yadda zan haɗa kilo 100. Feterita 55 a ɓarza ta kar a niƙe ta lilis, radda 25, ambaz 17, garin hajar jiri 2, gishiri 1. Ambaz ɗin 17 in akwai riɗi sabo zan sa gyaɗa 11 riɗi 6, in babu gyaɗa zalla. Wannan haɗin yana bada furotin wajen kashi 17. Rago mai kilo 30 yana cin busasshen abinci kamar kilo ɗaya da ɗan wani abu a rana, ka bashi giram 600 zuwa 700 na haɗin a raba safe da yamma sauran kuma kara. Da gasab zalla jimillar zata tsaya wajen 12, ya ɗan gaza, amma in ka samu harawar gyaɗa ko ta wake, ita tana kai 10 zuwa 15, ka raba ta da gasab ɗin sai ka shiga inda ake so, barsim ma, wato ciyawar nan da ake shukawa dan dabbobi, in yana kusa da kai ya fi, dan busasshensa yana kai 17 zuwa 20 kuma da kalsiyam ɗinsa. A wannan awon kowane rago yana cin ambaz kamar giram 120 a rana, raguna 20 a kwana 90 kilo 216 kenan. Da bizra zakayi, sai ka sa kilo 29 a madadin 17 kafin ka kamo furotin ɗin, wato wajen kilo 360, kuma kilo 12 ɗin da ya ƙaru daga wurin feterita zai fita.

Kar ka fara musu da cikakken awo rana ɗaya, musamman in daga jeji aka kawo su basu saba da hatsi ba, tumbi zai yi tsami su kumbura. Ka fara da giram 150 ko 200 kana ƙarawa a hankali har kwana 10 zuwa 14, gasab a gabansu kullum, ruwa kuma kar ya yanke ko na awa ɗaya, dan gishirin da ka sa dama dan su sha ruwa da yawa ne ya wanke mafitsara.

Ni dai a wajenka na gyaɗa mai tsabta nake zaɓa, riɗi sabo ya rufa masa baya, bizra sai in farashinsa ya sauko ƙasa da 58 ɗin nan kuma ragunan duk manya ne na yanka. Baka faɗi shekarunsu ba, in akwai ƴan ƙasa da wata biyar ko shida a ciki ka ware su daban. Ka turo min farashin ukun da nauyin kowane buhu yadda suka faɗa maka a Sinnar, in sha Allah zan buga maka lissafin kafin ranar kasuwa.