Ajan ɗin ya rage min kuɗin inshorar ma'aikata, amma ranar odit ya ɓace

Gaskiya da farko ban sa ran komai ba, don a Amurkan nan kowane ajan cewa yake zai rage maka kuɗin inshorar raunin ma'aikata, ƙarshe ka ga duk kanwar ja ce. Kamfanin shara da goge-goge gare ni, kuma kun san yadda lissafin yake, a kan kowace dala 100 ta albashi ake caji, gwargwadon haɗarin aikin mutum.

Abin da ya burge ni da wannan sabon ajan ɗin inshorar, bai tsaya jero min farashin kamfanoni ba, cewa ya yi in turo takardar inshorar bara da jerin albashi. Da ya duba sai ya kira yana tambaya, wai matar da ke amsa waya tana rubuta rasit a ofis tana fita aiki ne? Na ce ko tsintsiya ba ta taɓawa. Ashe tsohon ajan ɗina ya zuba ta a lambar rukunin aiki ta 9014 tare da masu goge bene, alhali 8810 ce tata, ta ma'aikatan ofis, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Wallahi da na ga bambancin sai da na riƙe baki. Ya kuma fahimtar da ni makin nan da suke kira mod, wato makin da ake ba kamfani bisa tarihin raunukan ma'aikatansa, wanda in ya haura 1.0 kuɗin inshora ya ƙaru, cewa ƙananan raunuka barkatai sun fi babba guda ɗaya ɗaga shi, don haka in wani ya gurɗe likita ya yarda, a ba shi aiki mara nauyi maimakon zaman gida.

To duk wannan ya yi. Amma fa har yanzu in na tuna odit ɗin ƙarshen shekara, wato binciken da kamfanin inshora ke yi wa takardun albashi, raina ɓaci yake. Akwai masu wanke min tagogin sama da nake ba kwangila, ba ma'aikatana ba ne, sabon ajan ɗin nan ya ga sunansu a takardu da idonsa bai taɓa cewa in karɓi satifiket ɗin inshorarsu ba. Mai odit ta zo ta tambaya, babu, ta tattara duk abin da na biya su ta lissafa a albashi, sai ga bil ya cinye kusan rabin ragin da nake murna da shi. Na kira, na tura saƙo, shiru, sai da komai ya wuce ya bullo da "ai na ɗauka kin sani". Da na sani me zai sa in neme ka?

Zan ci gaba da shi dai don ya iya duba lambobi, amma tauraro uku na ba shi, kuma yanzu ba mai hawa min tsani sai na ga satifiket ɗinsa a hannuna.