Karatun tarihin sarakunan Farisa da ake turawa a memori a kasuwar Wudil

Masu tambayata a kan karatun nan na tarihin sarakunan Farisa da yaran nan masu tura waƙa da wa'azi suke sakawa a memori ranar Juma'a a kasuwar Wudil, to na saurare shi har ƙarshe. Murya ce kawai babu hoto, wani malami ne yake bayani da Hausa, kuma yana fita tas ko a ƙaramar waya mai tocila, ba ya cin caji, kana cire ciyawa a gona kana ji. Kuɗin turawa bai kai na kwanon shinkafa da wake ba in ka je da memorinka.

Wajen iya ba da labari kam malamin nan ba a magana. Ya fara da Sairus wanda ya ci Babila a shekara ta 539 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya gangaro kan ɗansa Kambisis da Dariyus har Zaksis. Inda ya fi burge ni shi ne maganar da Hirodotus, wani Bagirke marubucin tarihi, ya kawo cewa su kansu Farisawa suna cewa Sairus uba ne, Kambisis ubangida ne mai danniya, shi kuwa Dariyus ɗan tireda ne saboda shi ya yanka wa kowace jiha harajin da za ta riƙa kawowa. Wallahi da na kunna wa dattawan majalisarmu wannan wurin sai da suka yi ta dariya, wani ya ce ashe maganar haraji ta daɗe tana ɓata wa masu mulki suna.

Amma fa ga inda nake da ja da shi, kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan. Kusan duk abin da ya faɗa daga bakin Girkawa ya fito, kuma bai taɓa tsayawa ya gaya wa mai sauraro haka ba. Girkawan nan su ne suka gwabza da Farisa a yaƙin Maraton a 490 da na Salamis a 480 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), to ka ji labarin mace daga bakin kishiyarta sannan ka ce ka san halinta? Malam ya kawo yadda Zaksis ya sa aka yi wa teku bulala 300 don guguwa ta karya masa gada, da yadda wani attajiri Fitiyus mai 'ya'ya biyar ya roƙi a bar masa babban a gida kada ya tafi yaƙi, sarki ya sa aka raba yaron biyu sojoji suka wuce ta tsakani, duk ya faɗe su kamar a gabansa aka yi, har da sojan ƙasa 1,700,000 da Hirodotus ya lissafa, adadin da masana yanzu ba su yarda da shi ba, ina ma za a samo ruwan da za su sha a hanya.

Na Kambisis ya fi ba ni haushi. Ya ce mahaukaci ne, wai bayan ya ci Masar a 525 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ya daɓa wa bijimin da Misirawa suke bauta wa wuƙa ya mutu. E, haka Hirodotus ya rubuta. Sai dai rubutun da aka tono a Sakkara can Masar ya nuna an binne irin wannan bijimi da girmamawa a zamanin Kambisis, kuma akwatin dutsen da aka saka shi a ciki sunan shi sarkin ne a jiki a matsayin wanda ya bayar. Wannan ko a wucewa malam bai ambata ba. Haka rubutun Dariyus da ke jikin dutsen Bihistun a Iran, inda sarkin yake magana da bakinsa yana zagin maƙaryata, shi ma shiru, alhali ko ba ka yarda da shi ba ai ya kamata a ji ta bakinsa.

Kuma su Girkawan ma ba bakinsu ɗaya ba. Zinofon, shi ma wani marubucin Girkawa, ya ɗauki Sairus ya mai da shi sarkin da babu kamarsa, ya ce a kan gadonsa ya rasu yana yi wa 'ya'yansa wasiyya, Hirodotus kuwa ya ce a yaƙi da sarauniya Tomiris aka kashe shi har ta tsoma kansa cikin salkar jini. Malam ya ɗauki na Zinofon kawai don ya fi daɗi. Shi kansa Hirodotus ba kullum yake sukar sarakunan Farisa ba, shi ne fa ya ce Zaksis ya kalli rundunarsa ya fashe da kuka don nan da shekara 100 babu ko ɗaya da zai rage a raye.

Wani kuskure da dole in faɗa, akwai inda yake kiran Zaksis da Kisra. Kisran da ya yaga wasiƙar Manzon Allah (SAW) daga wani gidan sarauta ne daban, tsakaninsu ya haura shekara 1,000, don Allah masu wa'azi kada ku kwasa haka ku hau mumbari da shi.

Ni dai na ce a saya, musamman 'yan sakandare da malaman makaranta, amma duk inda ka ji ya ce sarki ya yi kaza, ka ƙara da cewa in ji wani Bagirke. Kashi na kusa da ƙarshe akwai ƙarar janareto a ciki sosai, sannan ka sa yaron ya kunna maka kowane fayil kafin ka bar rumfar, don wani maƙwabcinmu sai da ya isa gida ya tarar rabin nasa ba ya buɗewa.