Traxxas TRX-4 a kan duwatsun Shere: motar rimot da ba ruwanta da sauri

Wanda yake neman motar rimot da za ta tsula gudu a filin ƙwallo tana tayar da ƙura, ya riƙe kuɗinsa, TRX-4 ba tasa ba ce. Hawan dutse aka yi ta domin shi, kuma a hankali take yinsa, tafiyar hawainiya, taya ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa a Jos nake zaune, inda dutse ba ya ƙarewa, shi ya sa na rufe ido na saye ta. Inda na fi fita da ita shi ne hanyar masu hawan duwatsun Shere, gabas da gari.

Kamfanin Traxxas na jihar Texas a Amurka ne ya fito da ita a 2017. Girmanta kashi ɗaya cikin goma ne na motar gaske, tsawonta ya ɗan haura rabin mita, nauyinta ya wuce kilo uku. Tawa mai bodin Land Rover Defender ce, tsohon samfurin nan da aka daina ƙerawa a Ingila a farkon 2016. Ba abin da suka rage mata: kariya a sama, safayar taya a baya, jarkoki, har da jak. Wani dattijo da muka yi kiciɓis da shi yana saukowa da itace ya tsaya ya ƙare mata kallo, ya ce, "Malam, ashe motar Turawan kuza ta haihu?"

Amma ba ado na biya ba. Abin da na biya yana ƙarƙashinta.

A tsakiyar aksil ɗin kowace mota, wato sandar da ke haɗa tayar hagu da ta dama, akwai akwatin haƙora da ke barin tayar waje ta fi ta ciki juyawa idan an sha kwana. A kan kwalta alheri ne, a kan dutse kuwa shi ne matsalar. Da zarar taya ɗaya ta daga sama, ƙarfin injin duka sai ya koma wurinta, ta yi ta juyawa a iska, wadda ke taka ƙasa kuma ta tsaya cik. Yawancin ƙananan motocin hawan dutse a kulle suke zuwa dindindin, tayoyin suna juyawa tare ko da yaushe, to su kuma kwana ce ke ba su wahala. TRX-4 ta ba ka zaɓi. A saman rimot akwai ɗan maɓalli mai matsayi uku: duka a buɗe, gaba kaɗai a kulle, ko gaba da baya a kulle.

Akwai wata tsaga tsakanin manyan duwatsu biyu, kafin hanyar ta fara miƙewa sama sosai, inda ruwan damina ya zaizaye ƙasar ya bar rami a gefen hagu. Idan na shigar da motar a buɗe, tayar gaba ta hagu sai ta rataye a kan ramin, ta dama ta baya ita ma ta saki ƙasa, ka ji injin yana kuka motar ba ta motsi. Sai in saki totur, in tura maɓallin ya kulle gaba, ka ji wani ɗan ƙas daga cikinta. In taɓa totur kaɗan kawai. Tayar dama ta gaba ta cafki kaushin dutsen, robar ta lotsa, bodin ya karkata har ka ce zai kife, sannan ta ja kanta ta haye. Minti ɗaya ne ko biyu, amma ɗan 'yar'uwata da ke bina, wanda tun daga gida yake ta "Kawu, wai ba ta gudu ne?", a nan ya yi tsit, daga baya ya ce a mayar da ita ƙasa a sake.

Abu na biyu shi ne yadda aka ɗaga aksil ɗin. A bakin kowace taya akwai ƙaramin akwatin giya, saboda haka aksil ɗin yana zaune sama da tsakiyar tayar, ba daidai da ita ba. Cikin motar ya yi nisa da ƙasa, duwatsun da za su tokare wata motar ita tana bi ta kansu ta wuce. Giya biyu gare ta, ana canzawa da babban yatsa. Ƙaramar ta hawa ce. Babbar kuwa ita ce ta sa motar ta dace da tafiyar ƙafa, domin a shimfiɗaɗɗen wuri tana bin takun mutum ba tare da an tsaya jiranta ba. Har akwai maɓallin da ke riƙe mata gudu ɗaya, ka huta da matsa totur, sitiyari kawai za ka kula da shi. Wurin gangara ma ta burge ni: idan an saita ta a tsarin hawan dutse, kana sakin totur take kama birki ta tsaya a kan gangaren, ba ta sulalewa.

To, ga inda dole mai saye ya yi tunani. Bodin Defender dogo ne, kuma kayan adon nan duk a sama suke da baya, ga nauyi. Hawa kai tsaye ba damuwa, amma ratsa gangare a kaikaice yana son taka-tsantsan, don nauyin sama yana janta gefe. Masu irinta da yawa suna ƙara mata nauyin tagulla a wajen tayoyi, wasu su cire safaya da kariyar. Ni na bar tawa yadda take saboda kyanta, na koyi zaɓen hanya. Haka kuma idan taya ta maƙale a tsaga, kada a dage da murza sitiyari; ɗan injin da ke juya tayoyin gaba shi ya fi komai shan wahala a irin waɗannan motoci, gara a ɗan ja baya tukuna.

Sannan ba ko'ina take hawa ba. Ƙololuwar Shere ta haura mita 1,800 daga matakin teku, kuma akwai wuraren da mutum kansa sai ya haɗa da hannu. Rimot ɗin hannu biyu yake so. Saboda haka a irin wuraren nan motar ce ke hawa bayanka, kilo uku da ɗoriya, ga batir, ga ruwan sha. Jaka mai igiyoyin ɗaurewa ta zama dole. Tafiyar da abokaina ke yi cikin awa ɗaya ni takan ci mini kusan biyu, shi ya sa ranar da suke son kaiwa sama da wuri ba na ɗauko ta. Ni kaɗai kuma ba na shiga dajin, da mota ko ba mota.

Kuɗinta ya haura dala 400 tun a can, kafin kuɗin jirgi da na kwastan. Babu batir a cikin kwalin, babu caja, rimot ɗin ma sai ka saya masa ƙananan batura huɗu. Tana karɓar batirin caji nau'in NiMH, ko nau'in LiPo mai gida biyu ko uku, sai dai bakin wayarta na kamfanin ne, batirin wani kamfani sai da mahaɗi. Ga shi ana taƙaita ɗaukar LiPo a jirgin sama, don haka a fara tabbatar da inda za a samu batir kafin a yi odar mota. Da babban batir mai 5000mAh ina samun wajen awa biyu ina hawa a ƙaramar giya, amma da sanyin safiyar hunturun Jos yakan ragu. Kayan gyara kuwa ban dogara da kasuwa ba, oda nake yi in jira. Wanda kuɗin ya yi masa yawa, akwai ƙanwarta TRX-4M da ta fito a 2022, kashi ɗaya cikin 18, tana zuwa da batir da caja kuma tana shiga jakar makaranta, sai dai ba ta da maɓallin kulle aksil ɗin nan, kuma dutsen da ya kai ƙwaurin mutum ya fi ƙarfinta.

Da rani na fi jin daɗinta, lokacin da dutse ya bushe taya ke kama shi. Da damina gansakuka tana sa santsi, kuma ko da yake an kare kayan lantarkinta daga ruwa, ƙarafan cikin tayoyi suna tsatsa idan aka bar su a jiƙe. Busasshiyar ciyawa kuma tana son naɗewa a farfela, wato sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa aksil, sai an riƙa juya motar ana zarewa. A gindin duwatsun akwai gonakin mutane, ba wurin gwajin taya ba ne, kuma idan masu hawa suka taho a ƙunƙuntar hanya, ɗauke ta nake yi su wuce. In mun dawo gida sai in cire bodin, in kaɗe ƙura da tsohon buroshin fenti, in ɗiga mai a gaɓoɓin farfela. Batirin LiPo ba a ajiye shi a cike ko a ƙare. Ina mayar da shi kusan rabi, kuma ba na barinsa a kan caja idan ba na kusa.