Sharhi kan kwas ɗin hulɗar ɗan Adam da kwamfuta na digiri na biyu a Georgia Tech

Jami'ar Georgia Tech da ke birnin Atlanta a Amurka ta buɗe shirinta na digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta ta intanet a watan Janairun 2014, tare da haɗin gwiwar kamfanonin Udacity da AT&T. Shirin, wanda aka fi sani da OMSCS, ya ja hankalin duniya ne saboda sauƙin kuɗinsa, domin a lokacin da aka fara shi kuɗin digirin gaba ɗaya bai kai dala 7,000 ba, alhali takardar shaidar da ake bayarwa iri ɗaya ce da ta ɗalibin da ya zauna a harabar jami'ar. Ana kammala digirin da kwasa-kwasai 10, kuma wanda nake son yin sharhi a kansa shi ne mai lamba CS 6750, wato kwas ɗin hulɗar ɗan Adam da kwamfuta, wanda Dakta David Joyner ya tsara.

Abu na farko da ya kamata mai sha'awa ya sani shi ne, wannan kwas ba na rubuta manhaja ba ne. Wanda ya shigo da tunanin zai kwana yana haɗa lambobin kwamfuta zai tarar da kansa yana karatu, yana lura da mutane, yana yi musu tambayoyi, sannan yana rubuta rahoto bayan rahoto. An raba darussan gida biyu da suke tafiya kafaɗa da kafaɗa: ɓangaren ƙa'idoji, inda ake bayanin abin da bincike ya gano game da yadda mutum yake gani, yake tunawa, yake kuma yin kuskure, da ɓangaren hanyoyin aiki, inda ake koyon yadda ake gano buƙatar mai amfani, a zana mafita iri-iri, a gina samfuri, a gwada shi, sannan a sake komawa farko.

A ɓangaren ƙa'idojin ne kwas ɗin ya fi ƙarfi a ganina. Ya ɗauki tunanin Don Norman, wani fitaccen masani a wannan fanni, game da giɓi biyu da ke tsakanin mutum da na'ura ya mai da shi ginshiƙin komai. Giɓi na farko yana tsakanin abin da mutum yake nufin yi da yadda zai sa na'ura ta yi shi, na biyu kuma yana tsakanin abin da na'urar ta yi da yadda mutumin zai gane cewa ta yi. Wanda ya fahimci wannan da kyau ba zai ƙara kallon layin injin cirar kuɗi kamar da ba. Zai ga dattijuwar da ta saka katinta, ta tsaya tana duban allon da ya cika da Turanci, har ta juya ta miƙa wa yaron da ke bayanta ta faɗa masa lambar sirrinta. Wannan shi ne giɓi na farko. Zai kuma ga ɗan kasuwar da ya tura kuɗi ta wayarsa, allon ya yi ta juyawa ba tare da ya ce an tura ko ba a tura ba, sai ya sake dannawa, kuɗin ya fita sau biyu. Wannan shi ne na biyu. Kwas ɗin yana nanata cewa a irin waɗannan wurare laifin na wanda ya tsara ne, ba na mai amfani ba, kuma yana maimaita wa ɗalibi cewa shi ba shi ne mai amfani da abin da yake ginawa ba. Ga injiniyan da ya saba auna kowa da kansa, wannan darasi kaɗai ya isa ya biya kuɗin zangon.

Ana kuma koyar da tsofaffin hanyoyin auna aiki, irin su tsarin GOMS da Card da Moran da Newell suka fitar a 1983, wanda yake kasa aiki zuwa ƙananan matakai a ƙiyasta lokacin kowanne, da ma'aunai goma na Jakob Nielsen na 1994 da ake duba fuskar manhaja da su. An yi bayaninsu a taƙaice kuma a fili.

Wani abin da na yaba ƙwarai shi ne yadda aka ɗauki haƙƙin mutanen da ake bincike a kansu da muhimmanci. Kafin ɗalibi ya fara tambayar kowa, sai ya kammala horon CITI kan ɗa'ar bincike, inda zai san dalilin da ya sa aka kafa dokokin kare waɗannan mutane, ciki har da binciken Tuskegee da aka yi a Amurka daga 1932 zuwa 1972, wanda aka bar ɗaruruwan baƙaƙen fata da cutar tunjere ba tare da magani ba don a ga yadda za ta ci su, da kuma rahoton Belmont na 1979 da ya biyo baya, wanda ya shimfiɗa ƙa'idojin bincike a kan mutane. Mu da muke zaune inda ake ɗaukar hoton mutum ko muryarsa a yaɗa ba tare da an nemi izininsa ba, muna da buƙatar wannan horo fiye da yadda muke zato.

Ta fuskar tsari, darussan bidiyo ne gajeru da aka riga aka naɗa, mutum yana kallo a lokacin da ya samu sarari. Ana miƙa aikin mako a daren Lahadi bisa agogon yankin da ya fi kowane jinkiri a duniya, wanda a Najeriya da Nijar yake kamawa wajen ƙarfe ɗaya saura na ranar Litinin da rana, kuma wannan sassauci ne babba ga ma'aikaci mai iyali. Ɗalibai suna duba ayyukan junansu suna rubuta gyara, ana kuma ba su maki a kan hakan. Amfanin wannan ya dogara ga wanda aikinka ya faɗa hannunsa, domin a aji mai ɗaruruwan mutane ba kowa ne zai karanta da natsuwa ba. Jarrabawa kuwa ana yin ta ne da kyamara a kunne, don haka wanda yake inda wuta da intanet ba su da tabbas dole ya tanadi madadinsu tun kafin ranar.

Inda nake ganin kwas ɗin bai isa ba shi ne wajen irin mutumin da misalansa suke zato. Babban misalin da ake bi a darussan hanyoyin aiki shi ne manhajar sauraron littattafai ga mai motsa jiki, sauran kuma sun shafi mota da kayan gida na zamani. Duk mai amfanin da ake hasashe ya iya karatu, yana da wayarsa shi kaɗai, kuma ba ya lissafin kuɗin data. Ba a zurfafa a kan wanda yake aika saƙon murya a WhatsApp saboda rubutu yana yi masa wuya ba, ko matan gida ɗaya da suke amfani da waya guda, ko wanda ya iya ajami bai iya boko ba. Sai dai kayan aikin da ake ba ɗalibi suna aiki a kan waɗannan mutane ma, kuma tun da shi yake zaɓar matsalar da zai bincika, babu abin da zai hana shi ɗaukar ta unguwarsu. Samfurin takarda, inda ake zana allon waya da biro a miƙa wa mutum ya danna da yatsa ana canja masa shafi, ba ya buƙatar wuta ko kuɗi, kuma a rumfar mai cajin waya ma ana iya gwada shi.

Haka nan karatu daga nesa ba zai ba mutum ɗakin gwaji ko zaman yau da kullum da malami mai duba bincike ba. Wanda yake son horon zane na gaba da gaba, ya fi dacewa ya duba shiri irin na jami'ar Carnegie Mellon da ke Pittsburgh, wanda ake yi cikin shekara guda a kammala da babban aiki tare da kamfani, duk da cewa kuɗinsa ya ninka wannan sau da yawa.

Ga ma'aikacin da yake gina manhajojin banki, asibiti ko makaranta, yana kuma son digiri na biyu ba tare da ya ajiye aikinsa ba, ina ba da shawarar wannan kwas ba tare da jinkiri ba, musamman a matsayin kwas na farko, tun da shirin yana sharɗanta cin kwasa-kwasan tushe biyu da sakamakon B ko sama da haka a shekarar farko. Ana biyan kuɗi zango-zango da dala, gwargwadon kwasa-kwasan da mutum ya ɗauka, don haka canjin kuɗi abin lissafi ne tun daga farko. Jami'ar ta buɗe bidiyoyin darussan ga kowa kyauta, kuma ya kamata mai niyya ya kalli sashe ɗaya ko biyu ya ga ko salon ya dace da shi kafin ya cike takardar neman gurbi.