Kwana 90 a ƙungiyar koyon harshe: abin da jadawalin ya nuna da abin da ya ɓoye

Ranar da aka buɗe mana ƙalubalen koyon harshe na kwana 90, abu na farko da mai shirya shi ta nema shi ne kowa ya naɗi muryarsa na minti biyu yana magana da harshen da yake koyo, ya ajiye, kada ya goge komai muninta. Ni Faransanci nake koyo. Na danna wayar, na faɗi sunana, na faɗi aikina, daga nan bakina ya mutu. Sauran lokacin dogon numfashi ne da neman kalmar da ta ƙi zuwa. Hannuna ya kai kan gogewa, sai na fasa. Yanzu da kwana 90 suka cika, wannan 'yar muryar ita ce abu mafi daraja da na fito da shi.

Tsarin ba shi da wuya. Mu 14 ne, kowa da harshen da ya sa a gaba: masu Faransanci, masu Larabci, biyu na Sifaniyanci, ɗaya na Turkanci. An buɗe jadawali guda a Google Sheets wanda kowa ke iya shiga, an raba shi gida huɗu: sauraro, karatu, magana da rubutu. Kafin ka kwanta sai ka rubuta mintunan da ka yi a kowane gida, kuma ƙa'ida ita ce kada su gaza 30 a rana. Ƙarshen mako a tattara, a jera sunaye daga mai yawa zuwa mai kaɗan. Sannan an haɗa mu biyu-biyu, kowa da wanda zai riƙa sa masa ido.

Wannan haɗin biyu-biyu shi ne ƙashin bayan abin gaba ɗaya. Kafin wannan karon, sau uku ina fara Faransanci ni kaɗai, kuma ko wane karo a mako na uku nake sakin layi, ba wanda ya sani balle ya tambaya. A nan an haɗa ni da wani dattijo, tsohon malamin lissafi da ya yi ritaya, yana koyon Larabci. A rana ta 23 aiki ya sha mini kai, na yi kwana uku ban cike gurbina ba. Da ma can na fara raya wa kaina cewa tunda na ɓata jerin kwanakin, abin ya riga ya lalace. Sai ga saƙonsa da daddare: "Ɗana, lafiya kuwa? Gurbinka ya kwana uku babu komai." Na ce, "Wallahi Malam, aiki ne ya yi yawa, ina ganin na faɗi wannan karon." Ya ce, "Ba jarrabawa ba ce da za a faɗi. Yi minti goma yanzu ka rubuta goma." Na yi, na rubuta. Washegari na yi 35.

Daga baya na gane cewa maganarsa tana da tushe. Phillippa Lally da abokan aikinta a University College London sun bi mutum 96 da ke ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a, suka wallafa sakamakon a 2010. Sun samu cewa a tsaka-tsaki ana ɗaukar kwana 66 kafin abu ya zama jiki, wasu 18 kawai, wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Da na san haka tun farko, da ban zubar da yunƙurina uku na baya ba saboda kwana biyu da suka kuɓuce mini.

Kayan aikin da na dogara da su guda biyu ne, kuma duk a ƙungiyar na samo su. Na farko Anki, manhajar katunan tuni da ke dawo maka da kalma daidai lokacin da take shirin ɓace maka. Dabarar tsohuwa ce: tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, kuma bita a tsakanin tazara tana rage ta. Inda Anki ta fi yi mini rana shi ne jinsin kalmomi. Bahaushe ya saba da namiji da mace a suna, sai na ɗauka abin zai zo mini da sauƙi. Ashe wannan sabawar ce ke yin tarko. A wurinmu rana mace ce, wata namiji. A Faransanci "le soleil" namiji ne, "la lune" mace. Ruwa da muke cewa "ya zuba", a can mace ce. Bakina ya riƙa ɗauko jinsin Hausa yana ɗora wa kalmar Faransanci ba tare da na lura ba. Wata 'yar ƙungiyar ce ta ba ni shawara kada in sake rubuta kalma tsirara a kati, in riƙa sa ta cikin gajeriyar jimla da siffa, yadda jinsin zai fito sau biyu. Na sake katunana duka a kan haka, kuma kuskuren ya ragu ƙwarai.

Na biyu shi ne "Journal en français facile" na gidan rediyon RFI, labaran duniya na minti 10 cikin Faransanci mai sauƙi, tare da rubutun abin da aka faɗa. Nakan saurara sau ɗaya ido a rufe, in sake ina bin rubutun, in sake na uku ina maimaitawa a bayan mai karantawa. A nan ne kunnena ya fara raba kalmomin da Faransawa ke manna wa juna, irin "les amis" da ke fita kamar "lezami".

To amma ga inda tsarin ya gaza, kuma ba ƙaramar gazawa ba ce. Jadawalin minti yake ƙirgawa, kuma minti ba su da nauyi ɗaya. Awa guda da ka kunna rediyo kana wani aiki da hannu, hankalinka na zuwa yana dawowa, minti 60 ce a jadawali. Minti 15 da ka yi kana gumi wajen haɗa jimla biyar da bakinka, ana gyara maka, minti 15 ce. Tunda ana jera sunaye kowane mako, kuma ba wanda ke son ganin kansa a ƙasa, sannu a hankali duk muka karkata ga abin da ke tara minti cikin sauƙi. Ban yi ƙarya a jadawalin ba ko sau ɗaya, amma a mako na shida da na zauna na tattara, sai na ga sauraro awa 24, magana awa biyu kacal. Sunana yana na uku daga sama, bakina kuma yana nan inda na bar shi. Masana tattalin arziki suna da suna ga wannan, dokar Goodhart, daga Charles Goodhart da ya yi maganar a 1975: da zarar ma'auni ya zama shi ake bi, ya daina auna abin da aka kafa shi dominsa.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ficewar wata daga cikinmu, mai koyon Turkanci. Ita kullum rubutu take yi, sakin layi ɗaya, ta tura a gyara, ta sake rubutawa. Aikin da ya fi na kowa wahala, amma ba ya wuce minti 30, don haka mako bayan mako sunanta ne na ƙarshe. A rana ta 40 da wani abu ta yi sallama, ta ce tana ganin ita ke ja da ƙungiyar baya. Har yau ina ganin tsarin ne ya kore ta, kuma mu da muka ga haka muka yi shiru muna da namu alhakin.

Akwai kuma rashin adalcin gwada masu harsuna daban-daban da sanda ɗaya. Cibiyar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka, FSI, ta ƙiyasta cewa mai jin Turanci yana buƙatar awa 600 zuwa 750 a aji kafin ya iya aiki da Faransanci ko Sifaniyanci, amma Larabci kusan awa 2,200. Lissafin na masu Turanci ne, kuma Bahaushe yana da ɗan jari a Larabci saboda yawan kalmomin da muka aro, amma duk da haka tafiyar ba ɗaya ba ce. Malam ya fi ni sa'o'i nesa ba kusa ba, kuma a wata na biyu yana ta fama da jam'in kalmomi lokacin da ni na fara karanta gajerun labarai. Wanda ya kalli jadawali kawai ba zai taɓa gane wannan ba.

Bayan ficewar baiwar Allah nan muka yi magana da mai shiryawa, kuma in faɗi gaskiya ta saurare mu. Ta cire jerin sunaye, ta ƙara gida na biyar: "abin da na iya yau wanda ban iya jiya ba". Jimla ɗaya ake rubutawa. Dabarar ta ɗauko ta daga ma'aunin harsuna na Majalisar Turai (Council of Europe) da aka wallafa a 2001, mai matakai shida daga A1 zuwa C2, wanda ke bayyana kowane mataki da abin da mutum zai iya yi da harshen. Wannan gidan ya fi sauran huɗun wahalar cikewa. Akwai ranakun da na yi awa guda amma na rasa abin rubutawa, kuma ranar ce nake gane cewa na zauna da harshen ne kawai ban koyi komai ba. Akwai kuma ranar da na rubuta: "Na ji 'quatre-vingt-dix-sept' a labarai na gane 97 ne ba tare da na tsaya lissafin huɗu sau ashirin ba." Na fi tuna wannan layin da duk alƙaluman makon.

Daga nan na sa wa kaina doka: ba zan rubuta mintin sauraro ba sai na fara yin minti goma na magana. Muka haɗu mu uku masu Faransanci muna kiran juna sau biyu a mako, minti 20, ba Hausa ba Turanci. Kiran farko shiru ya fi magana yawa. Zuwa na takwas har gardama muka yi.

A ƙarshe jadawalina ya nuna awa 71 cikin kwana 87 da na cike. In aka gwada da awa 600 zuwa 750 ɗin can, kusan kashi ɗaya cikin goma ke nan, don haka wanda ke tsammanin zai fito daga irin wannan ƙalubale yana zuba harshe kamar ruwa, gara ya sauke wannan tsammanin tun kafin ya shiga. Amma wanda matsalarsa irin tawa ce, farawa da saki, ina ba shi shawarar ya shiga ba tare da wani ɗari-ɗari ba. Sai dai ya tambaya tukuna: akwai wanda zai lura in na ɓace? Ana jera sunaye bisa yawan minti? Akwai inda ake auna iyawa? In amsar ta biyu e ce, ta uku a'a, ya nemi a gyara tun ranar farko.

A rana ta 90 na sake naɗar murya, na tura wa Malam ita da ta ranar farko, duk da ba ya jin Faransanci ko kalma ɗaya. Ya saurara ya ce, "Ɗana, ban san me kake faɗa ba, amma a ta farko numfashinka na fi ji, a ta biyu maganarka." Na cika minti biyun har na ƙara da daƙiƙa 40. Har yanzu "dessus" (sama) da "dessous" (ƙasa) iri ɗaya suke fita a bakina, kuma ina rikita "être" da "avoir" in ina ba da labarin abin da ya wuce. Su biyun na rubuta a saman sabon shafina, domin zagaye na gaba zai fara wata mai zuwa, kuma na tura wa mai Turkancin nan saƙo cewa an cire jerin sunaye, ko za ta dawo.