Na karɓi mota ta murabaha, ga abin da na gani

Wata takwas kenan da na karɓi mota ta wani bankin Musulunci, ba zan kama suna ba. Murabaha muka yi, wato su suka sayi motar tukuna ta zama tasu, sannan suka sayar mini da riba a kai ina biya wata-wata. Sati uku muna zarya da takardu saboda sai mallakar ta tabbata a hannunsu, na ƙosa wallahi, amma ranar da aka sa hannu kuɗin ya tsaya cak, ko babban banki ya ɗaga kuɗin ruwa babu ruwana. Wata ɗaya na makara da biya, sun ci ni tara, sai dai a rubuce yake cewa sadaka za a yi da ita. Nan kam sun burge ni.

Ribar ce ta sa ni tagumi. Abokina ya ci bashin mota a bankin ruwa, muka zauna da kalkuleta muka buga, bambancin bai taka kara ya karya ba. Na tambayi ma'aikacin bankin Musuluncin, ya yi murmushi ya ce ai Malam kasuwa ɗaya muke ci, babban banki ɗaya ke sa mana ido, in ribarmu ta yi ƙasa masu ajiya sai su kwashe kuɗinsu su tsallaka. Gaskiya ya faɗa, shekara da shekaru ma irin waɗannan bankunan sun yi ta auna riba da LIBOR, wato ma'aunin kuɗin ruwa na bankunan Landan, kafin a daina amfani da shi.

Shi ya sa dariya nake in na ji ana cewa wai bankin Musulunci dabara ce ta musuluntar da ƙasa. Malesiya tun 1983 take da Bank Islam kafaɗa da kafaɗa da bankunan ruwa, Ingila ma a 2014 ta fitar da sukuk, wato takardun zuba jari irin na Musulunci, na fam miliyan 200, kuma ba shahada ta yi ba, jarin attajiran Larabawa take zawarci.

Abin da bai kwanta mini ba, malaman kwamitin Shari'a masu tantance halaccin harkokin bankin, bankin ne ke biyansu. Da na nemi tsabar kuɗi sai aka kawo mini tawarruƙ, a sayar maka da kayan da ba ka taɓa gani ba su kuma sayar a madadinka nan take, alhali Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi (OIC) ta haramta wanda aka shirya haka tun 2009. Na ce su bar shi, motar ta ishe ni.